Darasi na Tara: Tallafin Wuta da Gas a Hunturun Birtaniya, da Yadda Labarinsa Ke Isa ga Masu Shi

A Birtaniya, daga Oktoba zuwa Maris, gida ba ya zaunuwa sai da ɗumi. A tsakiyar Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗumin ɗakin da ake zaune ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salsiyas, balle in akwai tsoho ko jariri ko mai ciwon zuciya ko na huhu. Yawancin gidaje da gas ake ɗumama su. Wata tukunya ce maƙale a bangon kicin take dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya shiga faifan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Saboda haka in gas ya yi tsada, abin ya wuce girki, ya taɓa barci da wanka da shanyar tufafi da lafiyar ƙirji.

A wannan darasi za mu duba hunturun 2022 zuwa 2023, lokacin da kuɗin wuta da gas ya kusan ninkawa a ƙasar. Gwamnati ta fitar da kuɗi mai yawa don rage wa mutane nauyi. Abin da ya fi damun mu shi ne yadda wani kaso na kuɗin ya tsaya a hanya, bai kai hannun waɗanda suka fi buƙatarsa ba, don kawai labarin bai same su yadda za su yi aiki da shi ba. Wasunku suna zaune a can, wasu suna da ɗa ko ƙanwa a Manchester ko Birmingham, kuma kowannenku wata rana za a iya ɗora masa isar da sanarwa ga maƙwabta.

Yadda kuɗin ya tashi

Tun Janairun 2019 hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas a Ingila da Sukotland da Wales, take ƙayyade iyakar farashin da kamfani zai sayar wa gidaje. Takan bayyana iyakar ne da abin da matsakaicin gida zai biya a shekara. A Oktoban 2021 fam 1,277 ne. A Afrilun 2022 ya koma fam 1,971, domin masana'antun duniya sun farfaɗo bayan annobar korona, kowa yana neman gas. Ana cikin haka Rasha ta afka wa Yukren a ranar 24 ga Fabrairun 2022, gas ɗin da Turai ke samu daga Rasha ya ragu ƙwarai. Birtaniya ba ta dogara da gas ɗin Rasha sosai ba, amma kasuwa ɗaya take ci da maƙwabtanta, abin da ya tashi a can ya tashi a nan. A Agusta Ofgem ta sanar cewa daga Oktoba iyakar za ta kai fam 3,549. Kwana biyu da hawanta mulki, Firaminista Liz Truss ta tsayar da shi a fam 2,500, baitulmali ya ɗauki ragowar.

A nan aka fara samun tangarɗa wajen sanarwa. Jama'a da yawa sun ɗauka ba wanda zai biya fiye da fam 2,500 komai yawan wutar da ya sha. Ita kanta Firaminista ta faɗi kusan haka a hirarta da gidajen rediyo, sai da aka yi mata gyara. Gaskiyar magana, abin da aka ƙayyade shi ne farashin kowane ma'auni, da kuɗin kullum da ake biya don kawai an jona gida da layi. A wancan hunturu kilowat ɗaya na wutar lantarki na awa ɗaya yana kamawa kimanin kwabo 34, na gas kwabo 10 da ɗoriya. Kuɗin kullum kuwa kusan kwabo 46 ne na wuta, 28 na gas, ko an kunna ko ba a kunna ba. Kwabo 100 ne fam ɗaya. Gida mai yara biyar da tsohon gini mai shan iska ta tagogi zai wuce fam 2,500 nesa ba kusa ba.

Mu gwada lissafin. Hita ta lantarki mai ƙarfin kilowat 2, in ta yi awa 5 a kunne, ta sha ma'auni 10. Goma sau kwabo 34 ya zama fam 3 da kwabo 40 a rana, wato fam 102 a kwana 30. Wannan ɗaki ɗaya ke nan.

Fam 400 da baucocin da suka kwana a ƙasan ƙofa

Bayan tsayar da farashi, gwamnati ta ba kowane gida mai mitar wuta rangwamen fam 400, aka rarraba shi wata shida: fam 66 a Oktoba da Nuwamba, fam 67 daga Disamba zuwa Maris. Ba bashi ba ne, ba a cika fom, ba a duba samun mutum. A takarda dai tsarin ya yi kyau.

Sai dai hanyar biyan kuɗin wuta ba ɗaya ba ce. Mai albashi da kamfani ke cirar kuɗi kai tsaye daga asusunsa na banki bai motsa ko yatsa ba, ya dai ga an rage masa abin da ake cira, ko an mayar masa da kuɗin asusu. Mai mitar zamani, wadda ke haɗe da kamfani ta iska, shi ma kuɗin ya faɗa cikin mitarsa da kansa. Saura gidaje kimanin miliyan biyu masu tsohuwar mitar kati, irin wadda sai ka ɗauki kati ko wani ɗan makulli na roba ka je kanti an loda maka kuɗi, ka dawo ka zura. Su waɗannan bauca aka riƙa aiko musu kowane wata, ta gidan waya ko saƙon tes ko imel. Sai mutum ya ɗauki baucar da katin shaida ya je gidan waya ko kantin unguwa mai alamar PayPoint kafin kuɗin ya shiga mitarsa. Kowace bauca kwana 90 take yi ta mutu, ko da yake ana iya neman kamfani ya sake fitar da ita.

To su wane ne masu tsohuwar mitar kati? Galibi marasa ƙarfi ne, da 'yan haya masu yawan ƙaura, da waɗanda kamfani ya sa wa mitar don ya riƙa cirar bashinsa. Wato wanda ya fi kowa buƙata shi aka ɗora wa mafi yawan zirga-zirga. A ganina wannan ne babban kuskuren tsarin, kuma tun a teburin da aka tsara shi ya kamata a hango shi.

Baucoci suka yi ta maƙalewa. Wani ya tashi daga gidan, wasiƙa tana zuwa da sunan wanda ya bar shi tun bara. Wani lambar wayar da kamfani ke da ita ta daɗe da mutuwa. Wani imel ɗin ya faɗa cikin tarkacen tallace-tallace. Wani ya ga saƙon, ya ɗauka na 'yan damfara ne ya goge, kuma ba za a ga laifinsa ba, domin a daidai lokacin 'yan damfarar suna aika nasu. Aka sa 30 ga Yunin 2023 ta zama ranar rufewa. Ana saura wata ɗaya, gwamnati ta ce akwai baucoci na kusan fam miliyan 130 da ba a karɓa ba, har ta ware ranar 31 ga Mayu don yekuwar a je a karɓa. Wasu unguwannin Landan, inda 'yan haya da baƙi suka fi yawa, suna cikin wuraren da aka fi barin baucocin.

Akwai kuma waɗanda ba su da hulɗa da kamfanin wuta kai tsaye, kamar mazauna gidajen kula da tsofaffi da masu zama a jiragen ruwa na kan magudanai. Su sai sun nema da kansu, kuma yawancinsu ba su nema ba. Ɗan hayar da kuɗin wutarsa ke cikin kuɗin haya shi ma doka ta ce mai gida ya miƙa masa rangwamen, amma wanda bai san da dokar ba ta ina zai fara tambaya?

Tallafin da ke dawowa kowace shekara

Fam 400 ɗin nan na shekara ɗaya ne, ya wuce. Akwai waɗanda suka daɗe, kuma yana da kyau ku san sunayensu yadda ake rubuta su a wasiƙa, don ku gane su in kun gani. Warm Home Discount rangwamen fam 150 ne a kan kuɗin wuta ga masu ƙaramin ƙarfi. A Ingila da Wales yawanci da kansa yake zuwa, amma sai sunan mutum ko na abokin zamansa yana kan takardar wutar. Cold Weather Payment fam 25 ne ga masu karɓar wasu tallafin gwamnati, duk lokacin da matsakaicin sanyi ya kai digiri sifili ko ƙasa da haka kwana bakwai a jere tsakanin 1 ga Nuwamba da 31 ga Maris. Sukotland tana da nata tsarin daban. Household Support Fund kuwa, wanda aka fara a Oktoban 2021, ƙananan hukumomi aka damƙa wa rabonsa a lokacin, kowace da nata sharuɗɗan, har ka ga tituna biyu suna kallon juna amma dokarsu ta bambanta.

Na tsofaffi shi ne Winter Fuel Payment, wanda aka fara a 1997: fam 200 ga gida, 300 in akwai mai shekara 80. A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita shi ga masu karɓar Pension Credit da makamantansa, wato cikon da ake yi wa tsohon da fanshonsa bai kai ba. Nan take wata tsohuwar matsala ta fito fili: gwamnati da kanta ta ƙiyasta gidaje kusan 880,000 sun cancanci wannan ciko amma ba su taɓa nema ba. A 2025 aka sassauta, aka mayar wa duk tsohon da samunsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba. Ku lura da wannan: cikin shekara biyu doka ta juya sau biyu. Takardar sanarwar bara da ke manne a allon masallaci tana iya zama ƙarya bana. Duk wanda zai isar da irin wannan labari ya fara tabbatar da na shekarar, a shafin gwamnati na intanet ko a ofishin Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta da ke aiki tun 1939.

Abin da ke tare saƙo a hanya

Harshe na ciki. Ƙidayar 2021 ta nuna sama da mutum miliyan ɗaya a Ingila da Wales ba sa jin Turanci sosai ko ba sa ji ko kaɗan. Rashin sabo da intanet ma na ciki. Amma akwai abu biyu da fassara ba ta maganinsu: tsoro da kunya.

A ce a wancan hunturu na 2022 zuwa 2023 ƙungiyar unguwa ta tura ki gidan wata dattijuwa mai zaman kanta a hawa na shida. Kin same ta da rigar sanyi biyu da safa, ta lulluɓa da bargo a kan kujera, faifan ɗumama ɗakin sanyi ƙalau. A kusurwar taga fumfuna ta yi baƙi. Kin gaishe ta, kin sha shayi, sannan kika ce, "Hajiya, kamfanin wuta kuwa suna aiko miki da wasiƙa?"

"Suna aikowa, 'yar nan. Ga su can cikin leda bayan ƙofa. Ni in na ga tambarin nan gabana faɗuwa yake yi, na san bashi ne."

"In kin yarda, mu buɗe tare. Abin da ba ki so a taɓa, mu bar shi."

Ambulan bakwai ne. Biyu takardun tuni ne, ɗaya talla, huɗu kuwa baucoci, biyu daga ciki sun riga sun mutu. Kafin ki tashi kin kira kamfani a gabanta, ta tabbatar musu da sunanta da bakinta, sun yarda za su sake aiko da matattun. Kin kuma nemi a sa ta cikin Priority Services Register, rajistar da kamfanoni ke ajiyewa kyauta ta tsofaffi da naƙasassu da marasa lafiya, don a fara kula da su in wuta ta ɗauke, a kuma iya aika takardunsu ga wani ɗan uwa da suka zaɓa.

Tsoron Hajiya yana da tushe. Citizens Advice ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne kuɗin mitarsu ya ƙare a 2022 suka rasa abin lodawa. A Fabrairun 2023 jaridar The Times ta bankaɗo yadda masu karɓar bashi da ke yi wa kamfanin British Gas aiki suke shiga gidajen marasa ƙarfi da takardar izinin kotu suna sa mitar kati da ƙarfi. Aka dakatar da aikin a duk ƙasar, daga baya Ofgem ta hana yin haka a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 2 ko tsoho sama da 75 da ba shi da mai taimaka masa. Kamfanin da mutane ke gudu shi aka ba saƙon alheri ya kai musu. Doka ta wajabta wa kamfani ya tsara wa mai bashi biyan da zai iya, ya kuma ba mai mitar kati rancen gaggawa in kuɗinsa ya ƙare, amma sai wanda ya ɗaga waya ya kira ne zai ji wannan.

Kunya kuwa ta fi kama tsofaffi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aiki yana biyan haraji ba ya son a ce ya koma roƙo. Wannan ya sa ɗakunan shan ɗumi suka yi tasiri. Ƙaramar hukumar Gateshead a arewa maso gabashin Ingila tana cikin na farko da suka tsara su a 2022, sannan dubbai suka buɗe a ɗakunan karatu da coci-coci da masallatai. Ana shiga a zauna, a sha shayi, ba mai tambayar abin da ya kawo ka. Ana cikin hira sai wani ya ce, "Baba, an taɓa duba maka ko kana da haƙƙi a cikon fansho?" Kalmar haƙƙi ita ce ta dace a nan, kuma gaskiya ce, ba lallashi ba.

Akwai wani tsoron da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Ɗalibai da ma'aikatan jinya da yawa da suka je daga Najeriya da Ghana takardar zamansu ta hana su karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit. Wanda ya karɓa bisa kuskure yana iya jefa zamansa cikin haɗari. Amma rangwamen fam 400 bai shiga wannan hani ba, haka ma ɗakunan shan ɗumi. Kada ka ce wa irin wannan mutum ya je ya nema, kada kuma ka ce ba shi da komai. Ka haɗa shi da mai ba da shawara da ya san dokar shige da fice.

Sanarwa mai aiki

Sanarwar kirki takan amsa tambayoyin da mai karatu zai yi tun kafin ya yi su: nawa ne, na wane ne, zai zo da kansa ko sai an nema, yaushe za a rufe, ina za a je. Kuɗin da ranar su zo a farko, sunan hukuma da tarihin shirin su koma ƙarshe ko a bar su. Ga yadda za a iya rubuta ta a watan Mayun 2023:

"Kana da mitar kati? Akwai kuɗin wutarka har fam 400 da gwamnati ta biya. Ba bashi ba ne. Duba wasiƙu da saƙonnin waya daga kamfanin wutarka. Kai baucar gidan waya ko kantin da aka rubuta a jikinta, tare da katin shaida, kafin 30 ga Yuni. In ta ɓace ko ta mutu, kira kamfanin su sake aiko maka. Mai son a taya shi ya same mu a nan bayan sallar Juma'a."

Jimlar ƙarshe ta fi sauran nauyi. Takarda a allo tana tunatarwa, amma mutum yakan motsa ne in wanda ya yarda da shi ya faɗa masa, liman ne ko shugabar ƙungiyar mata ko mai kantin da yake lodin kati a wurinsa. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa a zauren WhatsApp na unguwa yakan kai inda takarda ba ta kai, muddin an faɗi wanda ya yi shi da ranar da aka yi, don kada ya ci gaba da yawo bayan labarin ya tsufa.

Gargaɗi biyu su riƙa tafiya tare da kowace sanarwa. Na farko, 'yan damfara. A 2022 sun yi ta aika saƙo da sunan Ofgem ko gwamnati, suna cewa a latsa wani wuri a sa lambar banki don karɓar fam 400, alhali ba a neman kowa ya cika komai. Irin wannan saƙo ana tura shi kyauta zuwa lamba 7726. Na biyu ya fi haɗari. Wanda ya tashi da al'adar shigar da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu yana iya jarraba haka a can don gudun kuɗin gas. Gidajen can a toshe suke ruf, tagoginsu gilashi biyu ne. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da jin barci, tana kuma kashe iyali guda a dare ɗaya. Haka ma barin murhun gas a kunne don ɗumama ɗaki. Kowane gida ya sa na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska. Wanda ya ji warin gas ya buɗe tagogi, ya fita, ya kira 0800 111 999.

Aikin aji

Ku lissafa abin da gida mai wuta da gas zai biya na kuɗin kullum kaɗai a kwana 30, bisa farashin da aka bayar a sama, ko da bai kunna komai ba. Sannan ku cire shi daga fam 67, ku ga abin da ya rage wa mai mitar kati na ainihin ɗumi a watan Janairu.

Bayan haka ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama dattijon da bai taɓa neman cikon fansho ba kuma yana ganin abin kunya ne, ɗaya ya zama matashin da aka aiko masa. Sauran 'yan aji su saurara su faɗi jimlar da ta sa dattijon ya saki jiki, ko wadda ta sa ya rufe ƙofa.

Aikin gida: kowa ya nemo wata sanarwa ta gaske daga inda yake zaune, ta rigakafi ko ta rajistar makaranta ko ta rabon taki, ya sake rubuta ta da kalmomin da ba su wuce 60 ba, ya karanta wa wani da bai iya karatu ba, ya rubuto tambayar farko da mutumin ya yi masa.